Jinin Duna, Bakwai Cikin Takwas

Ranar wata Alhamis ce, kwana uku da gama roron gyaɗa, a shekarar da na shiga aji uku na elementare. Nasara na kan mulki, kuma a ƙauyenmu na kusa da Tudun Kaya ba wanda ya zaci za su taɓa tafiya. Hantsi bai gama ɗagawa ba na iske kakana, Kaka Jatau, tsugune a bayan gida ya cusa kai ƙarƙashin rumbu kamar mai neman ƙwan zabi. Karyarsa Ƙyale-su ce ta haihu. Ya riƙa zaro 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan wani tsohon buhu. Huɗu ne. Biyu sun zo ba rai. Na uku leɓensa na sama a tsage yake, in ya kama nono sai ya dawo masa ta hanci. Na huɗu ya kai la'asar yana wani siririn kuka, sa'an nan ya bi 'yan'uwansa. Kaka bai yi salati ba, bai yi tsaki ba. Fartanya ya miƙo mini, ya ce, "Ɗan boko, je ka nuna mana ko a makarantar taku ana koyar da haƙa rami." Na haƙa a gefen gonar dawa, cikin karan da ba a kwashe ba. Karo na uku ke nan da na haƙa irin wannan rami, har na riga na san inda ƙasar ta fi laushi.

Gidanmu gidan noma ne, gero da dawa da gyaɗar da ake ɗora wa jakuna a kai sikeli. Farauta kuwa ta Kaka ce shi kaɗai. Mahaifina ya karkata ga karatu da zaman masallaci, kuma in aka ambaci karnukan mahaifinsa a cikin mutane sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyara bakin riga. Kare ba ya ƙetare zaurenmu. Kaskonsu daban yake, ludayin da ake zuba musu kunun dusa ma daban, an rataye shi a jikin darni can nesa da madafa. Kakata Iya ce mai dama kunun, tana damawa tana mita, shekara da shekaru, kuma ban taɓa ganin ranar da ta fasa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kaka bai taɓa riƙe bindiga ba. Ya ce ba zai je ya durƙusa gaban akawu neman takardar izini don ya kashe zomo ba. Kere gare shi na jifan zomo, da gora, da karnuka. Idan rani ya yi aka buga gangar farauta, mafarautan Karaye da na Rogo suka haɗu a bakin daji, ba a tambayar mutum yawan damin da ya ɗaure a kaka, karensa ake kallo.

Ni ban ga Duna da ƙuruciyarsa ba. Na tarar da shi tsoho, baƙi mai farin ƙirji da farin bakin wutsiya, yana kwance a inuwar rumbu yana korar ƙuda da kunnen da aka yanke rabi. Amma labarinsa na ji shi har na haddace fiye da karatun allo. Shi ne karen da ya tare gadu shi kaɗai a bakin rami har mutane suka iso. Shi ne wanda in ya kama zomo ba ya fasa fata, yakan kawo ya ajiye a gaban Kaka kamar mai kawo gaisuwa. Kaka ya yi kiwon karnuka da yawa kafin shi, amma tun da ya same shi sai ya ƙudurta cewa duniya ba ta bukatar wani irin kare, Duna take bukata, a yi ta maimaita shi. Da farko ya haɗa shi da wata baƙuwar karya da aka ba shi. A cikin 'ya'yan ya zaɓi macen da ta fi kama da uban, da ta girma ya mayar da ita ga uban. A cikin nata 'ya'yan ya sake zaɓar mace, ya sake mayarwa ga Duna. Daga wannan haihuwa ta uku aka samu Ƙyale-su da ɗan'uwanta Bar-su. Sunayen nan duka habaici ne ga maƙwabta masu cewa abin da yake yi bai dace ba. Da Duna ya mutu, sai aka koma haɗa wa da ƙanwa.

Ba zan zalunci Kaka ba, dabarar ta yi aiki da fari. 'Ya'yan farko da jikokin sun fito baƙaƙe, masu zurfin ƙirji, masu hanci, har mafarauta na tattaki su zo roƙon kwikwiyo. Abin da ya biyo baya ne bai shiga idonsa ba. Karyar da ke haihuwar bakwai ta koma huɗu, huɗun ma sai a binne uku. Waɗanda suka rayu, damina na sauka sai tari, sai zawo, sai ƙurajen da ba sa jin magani. Kaka ya ce baki ne. Ya ɗaura musu layu a wuya, ya turara rumbu da saiwoyi har ƙwari suka gudu daga hatsi, wanda shi ne kaɗai amfanin da na ga turaren ya yi. Iya kuwa ba ta san boko ba, ba ta san Arabiyya ba, amma duk shekara takan ɗauki zakaranta ta kai kasuwar Karaye ta musanya da na wata mata daga wani gari. Na sha jin tana ce masa, "Tsoho, ni ko kajina ba na barin zakara ya tsufa a kan 'ya'yansa. Ka samo baƙo mana." Shi kuma ya ce, "Kaza kike haɗawa da Duna? Kaza da za a yanka ran suna?"

Amma ramin nan na uku ya taɓa shi. Karnukansa sun koma biyu, Ƙyale-su da Bar-su, kuma Ƙyale-su ta fara manyanta, bai fi haihuwa ɗaya ko biyu ta rage mata ba. In wannan ta lalace, iri ya ƙare, kuma Kaka ba mutumin da zai je daji da karen aro ba ne. Ranar farauta ta wannan rani ya ga wani jan kare na wani mafarauci mai suna Tanko, mutumin Beli, ya tsaya yana kallonsa ya fi yadda ya kamata mai girman kai ya kalli kayan wani. Iya ta yi ta bin sa da magana a hankali, kamar mai lallashin jaki ya hau gada, har ya yarda aka aika wa Tanko cewa in bazara ta yi, karya ta nemi barbara, ya zo da karensa. Da an bar tsofaffin nan biyu da sha'aninsu, da labarin ya ƙare a nan. Sai dai a gidan akwai ɗan makaranta.

An kai ni elementare ta Karaye ne saboda an ce kowane dagaci ya ba da yaro, gidanmu kuma suka duba suka ga ni ne wanda gona ba za ta yi kewarsa ba. A wannan zangon malaminmu ya fara koya mana lissafin kaso. Yakan zana waina a jikin allo da alli, ya raba ta biyu, ya raba huɗu, ya raba takwas, mu kuma da yunwa a cikinmu muna bin wainar da ido. Abin ya shige ni ƙwarai. Na dawo hutu ina raba duk abin da na gani, ƙuli-ƙuli, rake, har gonar mahaifina na raba a ka. Sai ya faɗo mini cewa zan iya lissafa yawan jinin Duna da ke jikin Ƙyale-su, in kai wa Kaka, ya ga da idonsa cewa abin ya yi yawa. Niyyata taimakon Iya ce, Allah ya sani, ko da yake akwai son a ce na iya. Na zauna da siletina a gindin tsamiya, na fara da rabi, na zo haihuwa ta biyu na rikice, don a aji ba a taɓa ba mu wainar da ta auri 'yarta ba.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen ya san kaso fiye da malamin boko, wato Malam Ilu, limaminmu, wanda ke rabon gado in an yi mutuwa. Na same shi a zaurensa bayan azahar, na durƙusa na yi gaisuwa har ta ƙare, na tambayi gajiya da iyali da almajirai da zafi, sa'an nan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dubi littattafansa da ke cikin gafaka, ya dube ni.

"Ban ji ka da kyau ba, jikan Jatau. Awaki ka ce, ko?"

"Awaki na ce, Allah gafarta Malam."

"Madalla. To shi bunsurun, yaya sunansa?"

"Duna."

"Bunsuru Duna. Allah mai iko."

Ya share yashin gabansa da tafin hannu ya fara ja da yatsa. Ya ce 'yar fari tana da nisfi, wato rabi. Da aka mayar da ita ga uban, 'yarta ta ɗauki rabi daga gare shi kai tsaye, ta ƙara da rubu'i ta wajen uwa, uku cikin huɗu ke nan. Da aka sake mayarwa, sai nisfi da rubu'i da sumuni, wato ɗaya cikin takwas. Ya ƙirga ɗigon, ya ce bakwai cikin takwas. Ya daɗe yana kallon yashin, sa'an nan ya ce, "Na tsufa ina rabon gado, ban taɓa ganin mamacin da shi ne uba, shi ne kaka, shi ne kuma kakan uwa ga magaji ɗaya ba. Ka gaya wa Jatau ya ji tsoron Allah, ko da awaki ne." Ya sa hannu ya goge yashin tas, kamar mai tsoron kada wani ya shigo ya gani.

Na iske Kaka yana gyaran gorarsa. A makaranta an koya mana a fara da bayani a ƙare da nasiha, don haka na ajiye gargaɗin Malam Ilu sai ƙarshe, na fara da lissafi. Na zana waina a ƙasa, na raba takwas, na nuna masa bakwai na Duna ne. Ya ajiye wuƙa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba.

"Bakwai a cikin takwas? Sake faɗi, ɗan boko."

Na sake faɗi.

"To shi wannan ɗayan fa, na wane ne?"

"Na baƙuwar karyar nan ta farko."

"Ka ji! Ka ji inda cutar take! Shekara nawa ina zargin mutane, ashe ɗan guntun nan ne ke kashe mini 'ya'ya." Ya dangwala yatsa a kan yankin wainar. "To in na kawo na Beli, bakwai ɗin nan nawa za ta koma?"

Ban ko duba sileti ba. Na ce za ta rabu biyu, abin da zai rage bai kai rabi ba. Amsar daidai ce. Da a aji ne da an sa yara sun tafa mini. Na buɗe baki in kawo maganar Malam Ilu, amma Kaka ya riga ya miƙe yana ƙwala wa Iya kira ta zo ta ga abin da takarda ta faɗa. Iya ta zo da muciya a hannu, ta dubi zanen, ta dube ni, ta ce, "Angona, da na san abin da za su koya maka ke nan, da na ɓoye ka a rumbu ran da yaran dagaci suka zo."

Tanko ya iso da bazara, ya tako tun daga Beli da ƙafa, jan karensa na biye da shi ba ko haki. Kaka ya tarbe shi da mutunci, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, aka yi gaisuwa mai tsawo wadda duk mai hankali zai gane ana jinkirta wata magana ce. Da maganar ta fito, Tanko bai yi fushi ba. Ya ce, "Baba, ni ma ina da karen da nake son jininsa. Amma ba na haɗa uba da 'ya. Nakan fita waje sau ɗaya, sa'an nan in komo gida ta kan jika ko ɗan jika. Kamar ba ta ɓacewa, ƙarfi kuma yana nan." Kaka ya nuna ni da haɓa ya ce, "Yaron nan ya yi lissafi. Har liman ya duba." Tanko ya dube ni yadda ake duban ramin da jaki ya karye a ciki. Aka ba shi zakara da ƙullin daddawa, ya juya da karensa tun rana ba ta yi sanyi ba.

Al'adar Kaka ita ce in karya ta nemi barbara sai a sa ta cikin wani tsohon rumbu da aka fasa wa ƙofa a gindi, a sa wanda aka zaɓa mata, a toshe da ƙaya. Karnukan ƙauye kuwa sukan ji tun daga nesa su taru. Aikina shi ne in zauna a kan turmi da tarin duwatsu in kore su. Kwana tara na yi ina wannan gadi, ina jiyo sa'o'ina suna langa a dandali. Karnukan da suka zo ba masu asali ba ne, na bola ne da na mahauta, ba wanda ya san ubansu, amma kowanne ƙafarsa ƙalau, idonsa garau, haƙarƙarinsa a rufe. Akwai wani mai ruwan ƙasa da ya fi kowa naci, har ya kusa ture ƙayar. Na same shi da dutse a kafaɗa daga nisan da ni kaina na yi mamaki. A duk ƙuruciyata ban yi jifa mai kyau irin wannan ba.

Da damina ta yi tsaka Ƙyale-su ta haifi biyu, ɗaya da rai. Ita kanta ba ta tashi daga wannan haihuwa ba, kuma kafin a yanke gero tari ya tafi da Bar-su. Ɗan da ya rage Iya ce ta raine shi da nonon akuya, tana tsoma tsumma tana matsa masa a baki, tana faɗin ita dai ta ga ta kanta da tsufa. Ya rayu, ya girma, kuma tsofaffin da suka san Duna da ƙuruciya sun ce ko tagwaye ba su kai su kama ba, farin ƙirjin, bakin wutsiyar, har yadda yake karkata kai. Kaka ya warke daga duk wata damuwa. Ya fara kirana Malam, ba da zolaya ba, abin da ya fi zolayar ciwo.

Farautar farko ta ranin da ya biyo ta faɗo ran Juma'a, ba karatu, na bi su. Aka buga ganga, aka ja layi a wani fako ta wajen Rogo, aka shiga bugun ciyawa. Zomo ya tashi, aka saki karnuka. Namu ya fita gaba kamar an harba shi, ya bar na Tanko da sauran a baya, mutane suka ɗauki ihu suna kiran sunan Kaka. Tsawon gona guda ya yi yana wannan gudu, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi kyau ba. Sa'an nan ya rage, ya tsaya, ya zauna kamar wanda ya tuna wani abu, ya kife. Da muka isa harshensa ya canja launi, ƙirjinsa na bugawa kamar zai tsage. Farauta ta wuce mu, gangar na nisa. Kaka ya tsuguna ya daɗe. Daga nan mutumin da kare bai taɓa ƙetare zaurensa ba ya kama ƙafafun gaba da na baya, ya saɓa shi a wuya, ya miƙa mini kere da gora, muka juyo.

A bakin gari wasu masu sassabe suka hango mu daga nesa, suka ga tsoho da dabba a wuya tun azahar ba ta yi ba. Ɗaya ya ɗaga murya, "Barka da arziki, Baba Jatau! Gada ce?" Kaka ya ce, "Barka kadai," bai rage tafiya ba. Iya ta gan mu muna shigowa. Ruwa ta ɗora, ta ɗebo ƙasa mai tsabta a ƙwarya don Kaka ya wanke wuyansa kafin salla. Karen bai mutu ran nan ba. Ya ƙara shekara biyu a inuwar rumbu, kyakkyawa, ba ya gudu, bai kuma bar ɗa ba. Kaka ya soke keren a jikin jinka, kuma in aka buga gangar farauta sai ya shiga ɗaki ya ce zazzaɓi yake ji. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ban kuma taɓa isar masa da saƙon Malam Ilu ba.

Sai da na zama malamin makaranta, na yi furfura a kan alli, na ci karo da bayanin a wani littafin kiwo. Masana suna da nasu lissafin, amma ba yawan jinin gwarzo suke ƙirgawa ba. Abin da suke aunawa shi ne yiwuwar ɗa ya gaji abu iri ɗaya ta wajen uwa da ta wajen uba daga kaka guda. In uba ya haɗu da 'yarsa, ɗaya cikin huɗu ne, kuma yana hawa duk lokacin da aka maimaita. Kowace dabba tana ɗauke da aibin da ke ɓoye, kamar tabarma mai huji da aka shimfiɗa wata a kanta. In tabarmin daga hannu daban suke, ɗaya na rufe hujin ɗaya. In kuwa hujinsu a wuri guda yake, ƙasa za ka gani. Duna ma yana da nasa hujin, kamar kowa. Mu ne muka yi ta jera shi a kan kansa.

Yanzu fakon nan duk ya zama gonaki, gangar farauta sai jefi-jefi. Samari na sayen karnukan waje masu takardar asali, suna nuna mini sunan kakan kare ya fito sau uku a shafi ɗaya, suna murna. Nakan gyara tabarau in duba, in ce da kyau, don na gaji da gardama, kuma na san abin da lamba ke yi wa mutumin da ya riga ya yanke shawara. Wani lokaci dai nakan so in sake jin mitar Iya a bakin tukunyar dusa. A gidan nan kaf ita ce ba ta iya lissafi ba, ita ce kuma kajinta ba su ƙare ba.